Taurara Ƙafar Tsohuwar Mota da Abin da Yake Jawowa a Titunan Kano

A garejojin Fagge da Sabon Gari, da wuraren da matasa masu sha'awar mota ke taruwa da yamma, akwai wata magana da ta zama kamar karatun da kowa ya haddace, wato cewa mota ba ta riƙe hanya sai ƙafarta ta yi tauri, cikinta kuma ya kusa taɓa ƙasa. A kan wannan magana ake yanke sifirin, ake gasa shi da wutar walda har ya zauna, ake cusa guntayen tsohuwar taya a tsakanin zobbansa, ake kuma murɗe shokazoba mai saiti har ƙarshen taurinta, sannan a miƙa wa mai mota makulli a ce masa ta zama ta tsere. Abin ya fi ciwo idan aka yi shi a kan tsohuwar mota mai daraja, irin su Peugeot 504 da 505, ko Mercedes mai ƙofa biyu ta shekarun 1980, ko ƙaramar BMW ta wancan zamani, domin motoci ne da aka daina ƙerawa, kuma ba kullum ake samun madadin abin da aka lalata a jikinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ba.

Ƙafar mota, a bakin makanikai, ita ce duk abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, ko dai mai murɗe ko mai falle-falle irin na a-kori-kura, shokazoba kuwa bututu ce mai mai a ciki wadda ke tilasta man ya bi ta ƙananan kafofi domin ta kashe lilon sifirin, sai kuma sandar ƙarfe da ke haɗa hagu da dama don rage kishingiɗar mota a kwana, da robobin bushin da ke gaɓoɓi. Ƙafa mai saiti ita ce wadda aka yi wa hanyar ƙara ko rage taurin shokazoba, wani lokaci har da tsayin mota, ba tare da an sauya kayan ba. Kamfanin Koni na ƙasar Holan ya fara sayar da irin wannan shokazoba tun a tsakiyar shekarun 1940, don haka ba sabon abu ba ne.

Kuskuren da ke cikin maganar tauri ya samo asali ne daga rashin lura da cewa mota ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta waɗannan wurare huɗu suke aiki. Babban aikin ƙafa shi ne ta riƙa danna taya a ƙasa da nauyi daidai gwargwado, ko hanya ta yi tudu ko ta yi kwari, jin daɗin fasinja kuwa riba ce da ke biyo baya. Mai ɗauke da tulu a ka idan ya shiga gargada yakan saki gwiwoyinsa su riƙa lanƙwasa domin ƙafafunsa su bi ƙasa kansa kuma ya tsaya cik, wanda ya sandare gwiwa kuwa shi ne ruwansa ke zuba. Motar da aka taurara wa ƙafa idan ta taka tudu ba ta shanye shi, sai dukan jikinta ya tashi sama, kuma a ɗan lokacin da take saukowa tayar ko dai ta rabu da kwalta ko nauyin da ke kanta ya ragu ƙwarai. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a kowane sakan, saboda haka tayar da ta yi kashi ɗaya cikin goma na sakan a iska ta wuce kusan mita 3 ba birki ba sitiyari, kuma mita 3 sun isa su raba mai rai da gawa a hanyar Zariya ko ta Katsina.

Masana ƙirar mota suna auna laushin ƙafa da yawan lilon da jikin mota ke yi a sakan ɗaya idan aka danna shi aka saki. Motocin hawa na yau da kullum suna tsakanin lilo 1 zuwa 1.5, motocin gudu da aka yi don titi sukan kai kusan 2, na filin tsere kuwa sukan wuce haka, wani lokaci da nisa. Lissafin da ke bayan waɗannan alƙaluma yana da sauƙi kuma yana da amfani a sani: ƙafar da ke lilo 1 a sakan nauyin mota yana danne ta da kimanin santimita 25, mai lilo 1.5 kimanin santimita 11, mai lilo 2 kuwa santimita 6 kacal. Ma'anar wannan ita ce, idan hanya ta zurma farat ɗaya da zurfin da ya wuce santimita 6, tayar mota mai taurin ƙafa ta riga ta rasa duk nauyin da ke danna ta, alhali mai laushi tana da sauran miƙewa da za ta bi ramin da ita. Duk wanda ya san titunan cikin Sabon Gari bayan ruwan Agusta, ko lungunan da ke kewaye da Kantin Kwari inda manyan motocin kaya suka cinye kwalta, ya san cewa zurfin santimita 6 ba a ma kiran sa rami a can.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta robar taya da ke ƙara rushe maganar tauri. Riƙon da taya ke yi wa kwalta yana ƙaruwa idan nauyi ya ƙaru a kanta, amma ba ya ƙaruwa daidai da nauyin, wato idan aka ninka nauyi riƙon ba ya kai ninki. Sakamakon haka, tayar da nauyi ke hawa da sauka a kanta, yanzu ya yi yawa an jima ya yi kaɗan, tana asarar riƙo a lokacin sauƙi fiye da ribar da take samu a lokacin nauyi, kuma idan aka haɗa lissafi riƙonta bai kai na tayar da ke ɗauke da matsakaicin nauyi ba tare da tsalle ba. Direba ba ya jin wannan asara a hannunsa, abin da yake ji shi ne sitiyari ya yi kaifi kuma mota ta daina kishingiɗa, sai ya ɗauka riƙo ne ya ƙaru. Nan yaudarar take, domin motar tana ba shi ƙarfin zuciyar ƙara wuta a daidai lokacin da ikonta na tsayawa ya ragu.

Masu kafa hujja da motocin tsere da suke gani a talabijin sun manta da dalilin taurin waɗancan motoci. Filin tsere shimfiɗaɗɗe ne sumul, ba rami ba tudun rage gudu, kuma motocin suna da fukafukai da ƙirar ciki da ke sa iska ta danne su ƙasa da nauyi mai yawa idan suna gudu, don haka dole a taurara ƙafa kada cikinsu ya gogi kwalta, kuma kada tsayinsu ya sauya har ƙirar iskar ta lalace. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya shafi tsohuwar mota da ke bin titin Murtala Muhammad ko na Ibrahim Taiwo. Idan ma tseren ake son koyi da shi, akwai wanda ya fi kusa da halin ƙasar nan. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 ta kuma zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida, wanda gidan Pininfarina na Italiya ya zana, ya sake lashe shi a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Kafin ita ma 404 ta ci wannan tsere sau huɗu a shekarun 1960. Abin da ya ba waɗannan motoci nasara a kan laka da duwatsun Kenya shi ne doguwar tafiyar ƙafa, wato nisan da taya ke iya hawa da sauka, tare da tsayin ciki da shokazoba mai jure zafi. Wannan ƙira ce ta sa 504 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta harhaɗa tun daga 1975 har tsakiyar shekarun 2000 ta zama motar gwamnati da ta tasha a lokaci guda, kuma abin takaici ne a ga wanda ya gaji irin wannan mota yana biyan kuɗi a datse mata ainihin abin da duniya ta san ta da shi.

Ko a cikin masu ƙera motocin gudu na Turai, waɗanda aka fi yabawa da iya ƙafa ba masu tauri ba ne. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, ya yi suna da haɗa sifirin mai laushi da shokazoba mai kyakkyawan riƙo a kan mota marar nauyi, kuma Lotus Elan ta 1962 har yau ana buga misali da ita. Tun kafin shi, Maurice Olley, wanda ya bar Rolls-Royce ya koma General Motors a Amurka a 1930, ya nuna cewa ya kamata lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri, domin tayar gaba ce ke fara taka tudu, ta baya kuma sai ta hanzarta ta cim mata kafin mota ta sauka a daidaice maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa. Wannan daidaito tsakanin gaba da baya injiniyoyi sun ɓata watanni suna nemansa, kuma shi ne mai walda ke rushewa cikin rabin awa.

Yankan sifirin yana yin ɓarna biyu a lokaci ɗaya. Taurin sifirin mai murɗe yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zobban da ke aiki, ta yadda mai zobe 10 idan aka cire masa ɗaya taurinsa zai ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, idan biyu ne kuwa da kashi 25, amma tafiyar da aka rage wa ƙafar ta fi wannan ƙarin tauri yawa, don haka motar takan riƙa dukan robar tsayawa, wato ƙullin robar da aka sa a ƙarshen tafiya don kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Da zarar mota ta zauna a kan wannan roba, ba ta da sauran ƙafa sai iskar taya. Gasa sifirin da wuta kuwa gyaran gangar Auzinawa ne, domin zafi yana kashe horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, sai ya ci gaba da zama a hankali, gefe ɗaya ya fi ɗaya, har ranar da zai karye. Dukan da ƙafa ta ƙi shanyewa kuma ba ɓacewa yake yi ba, jikin mota yake shiga, kuma jikin da ya shekara arba'in yana shan rana da tsatsa yakan fara tsagewa a mazaunin shokazoba na gaba da wuraren walda, ƙofofi su daina rufuwa daidai, gilashin gaba ya tsage ba wanda ya jefe shi. 

Wanda ya mallaki irin wannan mota kuma yake son ta yi daɗin tuƙi, gyaransa ba daga maɓallin saiti yake farawa ba. Sai an fara ɗaga motar an girgiza kowace taya, an duba bushin da gaɓoɓin sitiyari da boris, an sauya duk abin da ke da wasa, domin saita shokazoba a kan gaɓar da ta saki ɓata lokaci ne. Bushin da ake yankowa daga tayar babbar mota yana da arha kuma yana daɗewa, amma ba ya murɗawa kamar robar asali, don haka yana ƙara wani taurin da ba wanda ya lissafa. Akwai kuma ƙa'idar da makanikai da yawa ke tsallakewa, wato ba a ƙarasa ɗaure ƙusoshin bushin sai an sauke mota nauyinta ya hau tayoyinta, in kuwa aka ɗaure su tana rataye a kan jak, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Bayan haka sai taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma tsohuwar roba ta bushe ko da zanenta bai cinye ba. Iska kuma a bi abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa ko a littafin mota, wanda a yawancin irin waɗannan motoci yana wajajen 30 a geji, a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, domin al'adar wasu masu faci ta bugawa har 50 don kada taya ta yi saurin sauka ita kaɗai ta isa ta mayar da lafiyayyar ƙafa kamar ta amalanke. Manyan wili masu siririyar taya su ma ba su dace da motar da aka zana a kan taya mai kauri ba, tun da gefen taya shi ne sifirin na farko da ke karɓar bakin rami.

Tsayin mota shi ne abu na gaba, kuma mafi aminci shi ne a bar shi yadda kamfani ya yi, in ma za a rage kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Ana auna shi a wuri mai shimfiɗa, daga tsakiyar wili zuwa bakin mazaunin taya, da rabin tankin mai da nauyin direba a kujerarsa, hagu da dama su zo daidai. A ƙafar da ke da zoben murɗawa a ƙarƙashin sifirin, murɗa zoben yana ɗaga mota ne ko ya sauke ta, ba ya sauya taurin sifirin ɗin, ko da yake mutane da yawa suna ɗaure shi tamau da zaton ƙarfi suke ƙarawa, alhali miƙewar taya zuwa ƙasa suke cinyewa. Hanya mai sauƙi ta gane ko tafiyar ta isa ita ce a ɗaura siririyar roba a sandar shokazoba, a tura ta ƙasa, a zaga hanyar da aka saba bi, sannan a duba inda ta tsaya. Idan kullum tana can ƙarshe, motar tana dukan robar tsayawa, kuma maganinta ƙarin tsayi ne. Duk lokacin da tsayi ya sauya, dole a koma wurin masu alaimen, domin kusurwar tayoyi tana sauyawa da shi, haka ma saitin fitilun gaba.

Sai a ƙarshe ake taɓa shokazoba. Tana da aiki iri biyu, riƙo a lokacin dannuwa, sa'ad da taya ke hawa tudu, da riƙo a lokacin miƙewa, sa'ad da sifirin ke komawa tsayinsa, kuma a motocin titi riƙon miƙewa yakan ninka na dannuwa sau biyu zuwa uku. Yawancin masu maɓalli ɗaya miƙewar suke saitawa, ko su haɗa biyun tare, wasu tsofaffin samfura kuma sai an ciro su an danne su har ƙarshe sannan a murɗa. A fara daga wajen laushi, a zaɓi hanya guda da ke da kwana da tudun rage gudu da gargada, a riƙa bin ta da gudu iri ɗaya, a sauya abu ɗaya kawai a kowane zagaye, taki biyu ko rabin murɗi, hagu da dama daidai, kuma a rubuta kowane sauyi a takarda, domin wanda ya taɓa abu uku a lokaci ɗaya ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Idan mota ta haye tudu ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, riƙon miƙewa ya yi kaɗan, abin da ake nema shi ne ta tashi sau ɗaya ta zauna. Idan kuwa a kan jerin ƙananan ramuka ana jin tana ƙara nutsewa tana ƙara tauri, riƙon miƙewa ya yi yawa, sifirin ba ya samun damar komawa kafin duka na gaba ya zo. Idan kowane ɗan tsagin kwalta yana bugowa har cikin kujera, riƙon dannuwa ne ya wuce kima. Wurin da ya dace da titin Kano kusan kullum yana cikin rabin farko na saitin, kuma da zarar lilo ya mutu sai a tsaya, a ma koma baya taki ɗaya.

Rabon tauri tsakanin gaba da baya shi ke nuna halin mota a kwana, kuma a nan ne ganganci ya fi kisa. Idan gaba ya fi tauri, mota takan ƙi bin sitiyari ta nemi zarcewa waje, wanda direba kan iya gyarawa da sassauta wuta. Idan baya ya fi tauri, bayan ne ke kwashewa ya juya da motar, kuma tsofaffin motocin nan da tayoyin baya ke turawa, waɗanda ba su da na'urorin zamani masu tare zamewa, ba sa ba da lokacin tunani, musamman a farkon damina sa'ad da ruwa ya haɗu da ƙura da man da ya zuba a kwalta. Saboda haka motar titi ana barin ta ne da ɗan halin zarcewa na gaba. Gwajin wannan kuma ba a cikin unguwa ake yin sa ba, balle a ayarin biki inda yara ke tsaye a bakin hanya, domin ran mutum amana ne, kuma wanda ya take ɗan wani garin gwada ƙafar mota ba shi da hujja a gaban hukuma ko a gaban Ubangiji.

Game da sayen kaya a shagunan Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, shokazoba ana sauya ta ne bibbiyu, ta hagu da ta dama tare, iri ɗaya. Ta Beljiyam da aka wanke aka fesa wa fenti ba a gane lafiyarta da ido, sai an riƙe ta a tsaye an ja an danna a ji riƙo iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba wurin da ta saki, ba danshin mai a wuyanta, ba zane a jikin sandarta. Huda ta a ɗura mata baƙin mai ba gyara ba ne, domin kafofinta an auna su ne da siririn mai na musamman, mai gas a ciki kuwa, irin wadda Bafaranshe de Carbon ya ƙirƙiro a shekarun 1950 kuma Bilstein na Jamus ya yaɗa, tana ɗauke da matsi mai ƙarfi da kan iya raunata mai huda ta. Haka nan sifirin na gaba, wanda ke zagaye da shokazoba a motoci irin su 504, ba a kwance shi da igiya ko waya, sai da matsen ƙarfe da aka yi don wannan aiki, kuma mai mota yana da haƙƙin ya nemi ganin matsen a garejin kafin ya bar motarsa a can.